Baƙin Fenti a Goshin Zabuwa

An yi wani mutum a wani gari da ke gindin duwatsu, ana ce da shi Gayus. Mahaifinsa, Malam Siman, mai bishara ne da ya ƙare kwanakinsa yana hawa da sauka tsakanin garin da ƙauyukan kan dutse. Da Ubangiji ya kira shi gida, bai bar wa ɗansa gona ba, bai bar garke ba. Ƙaramin gida ya bar masa mai ɗaki biyu, da wata tsohuwar jif mai jan ƙafa huɗu, irin wadda ke shiga laka ta fito, ta hau dutse kamar akuya.

Motar launin toka ce mai duhu, kuma irinta sun yi yawa a ƙasar. Masu mulki suna hawan irinta, 'yan kasuwa suna hawa, haka ma miyagun da ke shiga ƙauye su kwashi mutane su yi daji da su. Daga nesa ba mai iya bambanta wannan da waccan. Saboda haka tun shekarar da Malam Siman ya same ta, ya sayo farin fenti da ja, ya shafe tambarin kamfanin da ke goshinta da fari, ya kewaye shi da ja, domin mutanen dutse su hango shi tun yana ƙasa, hankalinsu ya kwanta.

Daga nan wata al'ada ta tsiro wadda ba wanda ya shirya ta. Wata rana ya ɗauko wata mace da haihuwa ta zo wa da gardama, ya kai ta asibiti, ta sauka lafiya. Mijinta ya rasa abin da zai yi don murna. Sai ya ga ragowar fenti a bayan mota, ya tsoma babban yatsansa, ya dangwala kusa da tambarin, ya ce, "Malam, ga godiyata, ta bi ka duk inda ka je." Shi ke nan fa. Duk gidan da motar ta yi wa rana, sai an dangwala. Wanda maciji ya sara ya warke, ya dangwala. Wadda aka kawo wa gawar mijinta gida, ta dangwala tana kuka. In fari ya ƙare a sa shuɗi, in shuɗi ya ƙare a nemo ragowar fentin ƙofar majami'a. Ɗige-ɗigen suka cika kewayen tambarin, suka haura bonet, suka gangaro bamba, suka zagaya har tambarin baya da na gefen ƙofofi. Mutanen dutse suka raɗa wa motar suna Zabuwa.

Maganar gaskiya, ba ta da kyaun gani. Wani yatsan ya yi kauri, wani ya karkace, wani fentin ya zubo ya bar sawu kamar majina. Malam Siman ko a jikinsa. In yana wanke ta ma, a hankali yake bin wurin da tsumma don kada ya ɓare na wani.

Bayan an share makoki, mahaifiyar Gayus, Rifkatu, ta ce ita zaman gari ya ishe ta, ta koma ƙauyensu na kan dutse kusa da ƙanenta Barde. Gayus ya rage shi kaɗai a gidan. Bai yi aure ba tukuna, kuma shi mutum ne marar yawan magana. Aikinsa haɗa wutar sola a gidajen mutane. Ya fita da safe, ya dawo da yamma, ya dafa abin da zai ci, ya ci a tsaye.

Amma da zarar ya fito da Zabuwa, sai hannuwa ta ko'ina. "Ɗan Malam, tsaya!" "Ɗan Malam, Allah ne ya kawo ka, ga tsohuwa ba ta iya tafiya." Ya tsaya, su cika motar, da su da buhunansu da kajinsu. Duk tsawon hanya hirar Malam Siman ake yi, yadda yake dariya, yadda ya taɓa wuni a laka saboda su, yadda ba za a sake yin irinsa ba. In sun sauka su shafa goshin motar, kowa ya nemo yatsan gidansu ya nuna wa na kusa da shi, su sa wa marigayi albarka, su wuce. Da wuya ka ji wanda ya ce, "Gayus, yaya ka kwana?" Da yawansu ma ba su san sunan nasa ba.

Abin yana ci masa rai, kuma ni ban ga laifinsa a nan ba. Zama kai kaɗai a ɗaki yana da wuya, amma zama kai kaɗai a cikin mota cike da mutane ya fi ciwo. Shi ma fa mahaifinsa ne ya rasu, kuma ba wanda ya tuna da haka. Sai ya fara ƙin bin hanyar tasha in yana da wata hanyar.

A bayan gari akwai wasu magidanta masu irin wannan mota, waɗanda ke taruwa ran Asabar a ƙarƙashin wata ɗorawa. Su wanke motocinsu, su gwada wa juna sababbin tayoyi da fitilu, sa'an nan su ɗunguma su hau wasu duwatsu can yamma inda ba kowa, don nishaɗi kawai. Gayus yakan rage gudu in zai wuce su. Yana jin shewarsu, yana sha'awar yadda suke zolayar juna.

Wata Asabar ya yi ƙarfin hali ya tsaya. Suka kewaye Zabuwa. Wani mai baki a cikinsu ya durƙusa ya duba goshinta, ya ce, "Maigida, wannan ƙyanda ce ta fito mata, ko 'yan firamare ka ba aronta?" Aka kwashe da dariya. Da Gayus ya buɗe bonet suka ji kukan injin, sai dariyar ta ragu. Mutumin ya ce, "Kai, inji kam akwai shi. Fuskar ce ta kashe ta. Yanzu baƙi ake yayi. Ka kankare ƙazantar nan, ka fesa wa tamburan baƙi, ka sa gilashi mai duhu, ka dawo. Muna da wuri."

Wannan "muna da wuri" ita ce ta bi Gayus har gida, ta hana shi sakat.

Bai kai motar wurin mai fenti ba, don ya san duk mai fentin garin zai tambaye shi dalili. Ya sayo kayan aiki da kansa, ya ja ƙofar gida ya kulle. Ya bar motar a rana har gam ɗin da ke riƙe da tamburan ya yi laushi, sa'an nan ya zura zaren kamun kifi ta bayansu, yana ja a hankali hagu da dama, har suka saki. Ya jera su a kan tabarma, na goshi da na baya da na gefe.

Sai aikin kankara. A nan ya sha wuya, domin fentin talaka taurin kai gare shi. Ya jiƙa tsumma da tina, ruwan nan mai narkar da fenti, ya goga, ya bi da samfefa, takardar nan mai kaushi. Da ya matso da fuskarsa kusa, sai ya ga abin da bai taɓa lura da shi ba. Kowane ɗigo da zanen yatsan mai shi a ciki, siraran layuka masu zagaye, wani babba, wani ƙarami, wani da tabon lauje a tsakiya. Ya ɗan dakata. Sai ya ce a ransa, "Ai ba ni suka yi wa ba," ya ci gaba da guga. Fari da ja da shuɗi suka zama gari suka zuba a ƙasa, ya share ya kai bola.

Ya wanke tamburan da sabulu don kada maiƙo ya hana fenti kamawa. Ya fesa fentin ƙasa, ya bari ya bushe. Ya riƙa fesa baƙi kaɗan-kaɗan, don ya ji an ce in ka cika hannu fenti yakan yi hawaye. Tsakanin shafi da shafi yakan kai su ɗakin mahaifinsa, inda ba mai shiga balle ya ta da ƙura, ya rufe, ya zauna a bakin ƙofa yana jira. Ba mai yi masa sannu da aiki sai kurciyoyin kan katanga. A ƙarshe ya ɗauki ɗan siririn buroshi, ya riƙe numfashi, ya ja layin ruwan zinariya a gefen kowane tambari. Ya fesa wa bonet da bamba tokarsu ta asali, ya mayar da tamburan wurinsu, ya liƙa wa gilasan baƙar leda.

Aiki ya yi kyau, wannan kam ba zan ɓoye muku ba. Gayus yana da hannu. Duk wanda ya ga motar zai ɗauka jiya aka sauke ta daga jirgi.

Ran kasuwa ya fito da ita. Ya bi ta tsakiyar tasha a hankali, inda a dā ba ya wucewa sai an tare shi. Ba hannun da ya ɗaga. Ya ga wata mata daga kan dutse wadda ya sha ɗauka, tana tsaye da buhun citta a gabanta. Ta kalli motar, ta ja buhunta gefe, ta kau da kai. Gayus ya sauke ajiyar zuciya, ya ce, "Yau na huta." Ya kunna rediyo, ya tuƙa har bayan gari ya dawo, kujeru wayam, ba warin kaji, ba mai ba shi labarin mahaifinsa.

Ran Asabar ya je ƙarƙashin ɗorawa. Suka yi masa tafi, suka ɗauki hoton tambarin, mai bakin nan ya daki kafaɗarsa ya ce, "Yauwa, yanzu ka waye!" Ana cikin haka wani ya iso da sababbin fitilu a saman motarsa, sai duk aka koma can. Gayus ya tsaya jikin motarsa da kwalbar lemo a hannu. Ya bi su hawan dutse, ya sake bi, suna kiransa "mai toka". Su ma ba wanda ya tambayi sunansa. Daga baya ya daina zuwa, kuma ba wanda ya leƙo ya ji ko lafiya.

Yanzu gidan shiru, motar ma shiru. Ran Lahadi yakan ajiye ta nesa da majami'a ya ƙarasa da ƙafa, ya zauna a bencin baya, ya fita kafin a fara gaishe-gaishe. Kan dutse kuwa bai sake hawa ba. Ya san idon mahaifiyarsa zai fara sauka a goshin motar kafin ya sauka a kansa, shi kuma bai shirya amsa ba. Sukan yi magana a waya in Kawu Barde ya raka ta kan dutsen da ake samun sabis. Ta ce, "Yaushe za mu gan ka?" Ya ce, "Inna, aiki ne ya yi yawa." Kawu ya karɓa ya ce, "Mutane sun ce ba sa ganin Zabuwa a tasha, lafiya dai?" Ya ce, "Tana nan lafiya, Kawu." Rani ya wuce a haka, damina ta sauka, ta yi nisa.

Wata safiya wayarsa ta yi ƙara. Kawu Barde ne, yana haki. "Gayus, ka zo da Zabuwa yanzu. Zazzaɓi ya kayar da innarka, numfashinta sama-sama yake. Za mu sauko da ita mashigi mu jira ka." Kafin ya amsa, waya ta yanke. Ya zari mabuɗi ya fita, ko ƙofar gida bai rufe ba. Maganar fenti ko kaɗan ba ta zo masa a rai ba. Wa ke tuna fenti a irin wannan lokaci?

Tsakanin hanyar mota da ƙauyen akwai rafi. Da rani ba komai ba ne, amma da damina yakan cika ya yi faɗi, kuma kowane ruwan sama sai ya sauya wa yashin ƙasansa wuri. Inda mota ta bi jiya lafiya, yau rami ne. Don haka in Zabuwa ta iso mashigi, mazan ƙauyen sukan shiga ruwa a gabanta da dogayen sanduna, suna laluben ƙasa da su, ita kuma tana bin bayansu. Gayus ya haye rafin nan ba adadi, amma bai taɓa koyon hanyarsa ba. Bayan mutane kawai ya saba bi.

Da hantsi ya iso. Ya taka birki a bakin ruwa, ya duba tsallake. Ba kowa. Ga sanduna zube a kan yashi, ga wani zane a yashe, ga takalmin roba wari ɗaya. Ya ce ko sun koma ɗauko wani abu ne. Ya danna hon, duwatsu suka mayar masa da ƙarar. Ya sake dannawa, ya daɗe bai ɗaga hannu ba.

Ya fito da hularsa da baƙin tabarau, ya haɗa tafukansa a baki. "Kawu! Kawu Barde!" Rurin ruwa ya haɗiye muryar. Ya duba waya, ba sabis a kwarin. Ya zauna a kan bamba, ya tashi, ya zagaya motar, ya sake zama. Rana ta take tsaka. A tsallake ba abin da ke motsi sai wata tunkiya da ke kiwo a gefen hanya.

Tsoro ya juye ya zama fushi. Ya ce, "Mutanen nan! Kullum ina ɗaukarsu da kajinsu. Yau ɗaya da nake bukatarsu, ba ko mutum guda." Ya shiga mota ya sa giya, ya tura goshinta cikin ruwa. Tayar gaba ta nutse nan take, motar ta karkata, da ƙyar ya samu ya ja da baya. Ya kashe inji. Ya kifa kansa a kan sitiyari ya yi kuka, irin kukan da bai yi ba ko ranar da aka binne mahaifinsa. Bai taɓa jin shi kaɗai ne a duniya kamar a wannan wuni ba. Mahaifiyarsa tana wani wuri a tsallake tana jan numfashi, shi yana zaune cikin mota mai sheƙi, ba mai nuna masa hanya.

Da rana ta karkata, hadari ya fara haɗuwa a gabas. Ya san in ruwa ya sauka, rafin ya rufe ke nan sai wani jiƙon. Ya cire hula da tabarau, ya tuɓe takalmi da riga, ya karyo reshe, ya bar motar a buɗe ya shiga ruwa. Ruwa ya kai masa ƙugu, ya kai ƙirji. Ƙafarsa ta zurma, ruwa ya kwashe shi, ya buga shi da dutse, ya yi ƙasa da shi, har Allah ya sa ya cafki saiwar wani itace a ɗaya gefen. Ya fito yana tari, gwiwarsa tana jini, ya kama hanyar hawa yana ɗingishi.

Bai yi nisa ba ya ji muryar mace daga sama. "Wayyo Allah! Ɗan Malam ne! Jama'a, ɗan Malam ne!" Sai ga mutane suna fitowa, daga bayan wannan dutse, daga ƙarƙashin wancan, maza da mata da goyo. Ashe tun ɗazu suna nan suna kallonsa.

Kawu Barde ya sauko, ya tsaya a gabansa, ya kasa haɗa ido da shi. Gayus ya ce, "Kawu, ina Inna?" Dattijon ya kama hannunsa, ya ja shi zuwa ƙarƙashin wani faffaɗan dutse. Tana kwance a kan ƙyauren ɗakin da suka ɗauko ta a kai. An ja zane an rufe ta har fuska.

Gayus ya durƙusa. Kawu ya zauna kusa da shi a ƙasa.

Ya ce, "Tun da safe muke bakin ruwa. Da muka jiyo inji muka yi murna, maza suka ɗau sanduna. Sai ga mota ta karyo kwana, goshinta baƙi ƙirin, gilashi baƙi. Ɗana, farkon daminar nan irin wannan motar ta zo ƙauyen da ke bayanmu. Mutum ɗaya ya fito yana kiran sunayen mutane, sauran suna ciki da bindigogi. Waɗanda suka amsa har yau ba su dawo ba. Muka sunkuci innarka muka hau nan. Mun ga mutum ya fito. Na ji kamar sunana ake kira, na ce kowa ya kama bakinsa. Har addu'a muka yi, kada Allah ya kawo ka yanzu ka faɗa hannunsu."

Ya share fuska da gefen rigarsa.

"Ita kaɗai ta ce kai ne. Idonta a rufe, amma ta ce, 'Kukan motar gidana ne. Ku sauke ni, ɗana ya zo.' Muka ce zafin zazzaɓi ne. Ta yi ta faɗa. Da ka danna hon ta yunƙura za ta amsa, ni da hannun nan na rufe mata baki kada a ji mu. Da hannun nan, Gayus. Rana na karkatawa ta cika."

Gayus bai ɗago ba. Can Kawu ya sake magana a hankali, ba faɗa a muryarsa ko kaɗan. "Ɗana, me ya sami goshin Zabuwa?"

Gayus ya juya ya dubi kwarin. Daga nan sama ana ganin komai sarai. Ga motar can a bakin ruwa, ƙofarta a buɗe, tana sheƙi. Ya ƙura mata ido, ya nemi abu ɗaya a jikinta da zai sa mutum ya ce wannan ta gida ce, bai samu ba. Shi kansa da a nan yake tsaye tun safe, da ya ɓuya.

To, 'yan'uwa, ga abin da misalin nan yake nufi. Kada dai wani ya fita ya ce a makarantar Lahadi an hana yi wa mota fenti. Ku fesa abinku, baƙi ko kore. Kada kuma wani ya ce Allah ya ɗauki ran Rifkatu don ya hori ɗanta. Ubanmu na sama ba haka yake ba, kwanakinta a hannunsa suke tun farko.

Motar nan rayuwarka ce. Daga nesa ba ta da bambanci da ta kowa, abinci ɗaya muke ci da sauran mutane, kasuwa ɗaya muke shiga. Tambarin fari da ja shi ne sunan Yesu Almasihu da aka sa maka ranar da ka ba da gaskiya. Ɗige-ɗigen kuwa sawun mutanen da ƙaunarsa ta sa ka ɗauka ne, marar lafiyar da ka zauna da shi, gwauruwar da ka kai wa hatsi, wanda ya ɓata maka wuni ka haƙura. Ba su da tsari, ba su da kyaun gani, kuma suna jawo maka ƙarin masu ɗaga hannu. Amma da su ake gane na wane ne kai, gama Ubangijinmu bai bar mana wata alama da ta wuce ƙaunar juna ba.

Baƙin fentin kuwa, kowa ya san nasa. Wani ya daina gaisawa don kada a roƙe shi. Wani a wurin aiki ya shafe duk abin da zai nuna shi mai bi ne, don abokai su ba shi wuri. Wata ta ji ciwon abin da aka yi mata a zumuntar mata, ta sa gilashi mai duhu, tana zuwa sujada amma ba mai ganin cikinta. Da farko hutu ne, na sani. Sai dai fentin ba ya zaɓe. Abin da ya hana masu damunka gane ka, shi zai hana masu taimakonka gane ka, kuma kowannenmu yana da rafin da bai san hanyarsa ba. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ba kai kaɗai abin zai shafa ba. Akwai wanda ake ɗauke da shi a tsallake yana jiran isowarka.

Ku ma da kuke gyaɗa kai kuna cewa Gayus bai kyauta ba, ina da magana da ku. Ya daɗe yana ɗaukar mutane, ba wanda ya tambayi yadda ya kwana. Da mutum ɗaya ya ce masa, "Zo gidana mu ci tuwo," wataƙila da gwangwanin fentin nan yana kanti har yau. Akwai Gayus a cikin ikkilisiyar nan. Shi ne yake jera muku benci kafin ku zo, kun san amfaninsa, ba ku san ƙofar ɗakinsa ba. Yau in an tashi, kada ku bar shi ya sulale ta baya shi kaɗai.

Kai kuma da ka riga ka shafe naka, har kana ganin ba sauran mai gane ka, ka tuna da matar nan a ƙarƙashin dutse. Idonta a rufe, ba ta ga fenti ba, ta san ɗanta. Haka Mai Cetonka ya san ka, ko baƙi nawa ka shafa. Ita an rufe mata baki. Shi kuwa mutuwa ma ta gwada rufe masa ta kasa, kuma har yanzu kiranka yake yi. Kada ka wuni a bakin ruwa kana danna hon. Ka fito daga motar, ka tuɓe takalmi, ka shigo tun rana ba ta karkata ba.